Yadda Kokwambar Teku Ke Sarrafa Jikinta Ba Tare da Ƙwaƙwalwa Ba

Kokwambar teku dabba ce doguwa mai laushin jiki da ke kwance a ƙasan teku, tana haɗiyar yashi da laka tana tace abincinta daga ciki. Dangin tauraron teku ce da bushiyar teku, kuma nau'o'inta sun haura dubu ɗaya. Ba ta da ƙwaƙwalwa. Babban abin da take da shi zoben jijiya ne da ya kewaye bakinta, sai jijiyoyi biyar da suka miƙe zuwa ƙarshen jiki, kowace tana bin ɗaya daga cikin dogayen tsokoki biyar. Duk da haka tana rarrafe, tana kutsawa cikin tsaguwar dutse ta sandare a ciki yadda zaro ta sai an sha wuya, wasu nau'o'in ma idan aka matsa musu sai su zubar da hanjinsu, bayan 'yan makonni sabo ya tsiro. To wa ke tsara duk wannan? Hujjojin da aka tara sun nuna cewa babban kaso na aikin yana hannun wasu ƙananan sinadarai da jijiyoyi ke fitarwa, waɗanda masana ke kira niyuropeptaid. Su ne ke sa tsoka da fata da ɗabi'ar dabbar su karkata wuri guda a lokaci guda.

Jijiya tana isar da umarni ga tsoka ta hanyoyi biyu. Akwai saƙon gaggawa, irin na sinadarin asetilkolin, wanda ke sa tsoka ta ɗame nan take, sannan ya gushe. Akwai kuma saƙon niyuropeptaid, gajeriyar sarƙar amino asid da ake yankowa daga wani babban furotin, wadda tasirinta kan fi daɗewa. A shekarar 1991 Maurice Elphick da abokan aikinsa suka gano wani dangin waɗannan sinadarai a jikin tauraron teku, aka sa masa suna SALMFamide. Shekara guda bayan haka, masu bincike a Jami'ar Puerto Rico, ciki har da José García-Arrarás, suka samo ɗan wannan dangi a jikin kokwambar teku mai suna Holothuria glaberrima, daga baya kuma suka nuna cewa yana sa hanji da dogayen tsokokinta su saki. A Japan aka samo kishiyarsa a jikin nau'in Apostichopus japonicus, wato NGIWYamide, mai amino asid biyar kacal, wanda ke sa doguwar tsoka ta ɗame. Dabbar da ke tafiya ta hanyar miƙewa da tankwashewa tana buƙatar umarnin duka biyu, domin tsokar da ta ɗame ba ta saki ba, ba za ta kai ta ko'ina ba.

Inda lamarin ya fi ban mamaki shi ne fata. Bangon jikin kokwambar teku cike yake da zaruruwan kolajin, irin wanda ke cikin fatarmu da agararmu, sai dai nata yana iya sauya tauri cikin daƙiƙu zuwa mintuna, kamar ƙirgin da ke iya bushewa ya jiƙe da kansa duk lokacin da ya ga dama. Tatsuo Motokawa, wanda ya yi aiki a Cibiyar Fasaha ta Tokyo, ya shafe shekaru masu yawa yana nazarin wannan. A wani binciken da aka wallafa a 1998, an yanko guntayen fatar, ana zuba musu sinadarai ana auna taurinsu. NGIWYamide ya taurara su, wasu da ake kira holokinin suka tausasa su, wani kuma mai suna stichopin ya hana asetilkolin taurara su. A 2016 masu bincike na Jami'ar Queen Mary da ke Landan suka haska fatar da hasken eksire mai ƙarfi, suka gano cewa abin da ke sauyawa shi ne sinadarin da ke tsakanin zaruruwan, wanda ke riƙe su gam ko ya bar su su zame a kan juna. Ribar dabbar a fili take: riƙe jiki a sandare da fata ya fi riƙe shi da tsoka sauƙin cin kuzari nesa ba kusa ba, kuma mai rayuwa a kan abin da ta tace daga laka ba ta da kuzarin ɓarnatarwa.

Mai shakka zai ce ai guntun nama ne a cikin kwanon gwaji, kuma don sinadari ya motsa shi a can ba ya nufin haka yake yi a jikin dabba mai rai. Wannan magana tana kan hanya, har ma ta taɓa tabbata. A 2012 Elphick ya bi diddigin furotin ɗin da waɗannan sinadarai ke fitowa daga ciki, sai ya tarar holokinin ɓallin kolajin ne, ba saƙon jijiya irin wanda aka zata ba. Amma wannan tantancewar ce ta ƙara wa NGIWYamide ƙarfi, domin an samu furotin ɗin da ke haifar da shi da cikakkiyar siffar mahaifin niyuropeptaid, kuma tun kafin nan an riga an hango shi a cikin jijiyoyin dabbar. Ƙari a kan haka, a 2009 masu bincike a Japan suka nuna cewa idan aka yi wa balagaggiyar kokwamba allurarsa, takan ɗaga gaban jikinta tana kaɗa shi, sannan ta saki ƙwai ko maniyyi. Wannan cikakkiyar ɗabi'a ce a jikin dabba mai rai, sinadari guda ya tayar da ita.

Wani kuma zai tambaya, ina amfanin ɓata kuɗi a kan dabbar da ke kwance cikin laka? Amfani na kusa yana wurin masu kiwo. Kokwambar teku abinci ce mai tsada a Gabashin Asiya, ana kiwonta sosai a gaɓar lardunan Liaoning da Shandong na ƙasar Sin, kuma yawan kamu ya rage ta a tekuna da dama, don haka duk abin da zai sa ta hayayyafa a lokacin da ake so yana rage dogaro da ta daji. Masu ƙere-ƙere ma sun kwaikwayi fatarta: a 2008 masana a Jami'ar Case Western Reserve da ke Amurka suka haɗa wani abu mai tauri da ke laushi idan ya jiƙa, da nufin yin na'urorin da za a dasa a ƙwaƙwalwa ba tare da sun ji mata rauni ba. Babban amfanin kuwa na ilimi ne. An gano cewa dangin NGIWYamide suna da tushe ɗaya da wani niyuropeptaid da ke ƙwaƙwalwar ɗan'adam, mai alaƙa da farkawa da fargaba. Ke nan wannan tsarin saƙo ya girmi ƙwaƙwalwa irin tamu, kuma a jikin dabba mai jijiyoyi biyar da zobe ɗaya ya fi sauƙi a bi sawun saƙo tun daga inda ya fito har zuwa tsokar da ya motsa.