Dashen Tumatir a Fadamar Auyo

Da zarar ruwa ya janye daga fadama, hankalin manoman bakin Kogin Haɗeja sai ya koma kan lambu. Ɗalibai da yawa suna ɗaukar dashe ƙaramin aiki ne, a tumɓuke nan a kafa can. Ba haka ba ne. Babu ranar da tumatir ya fi kusa da mutuwa kamar ranar dashensa.

Iri yakan isa dashe bayan mako 4 zuwa 5 a wurin reno, sa'ad da ya yi ganye 4 ko 5. Saura mako guda, sai a rage masa ruwa domin ya yi ƙwari, ya saba da wahala. Amma a ranar cira, a jiƙa wurin sosai, a ɗago kowane tsiro da ƙasar jikin saiwarsa. Ƙananan jijiyoyin nan masu kama da gashi su ne ke shan ruwa. In suka tsinke, ko da an yi ban-ruwa tsiron zai yanƙwane.

A yi dashe da yamma, kada a yi da tsakar rana. A binne karan har kusa da ganyen farko, gama tumatir yakan fid da sababbin saiwoyi a jikin karansa. A bar kamar santimita 45 tsakanin tsiro da tsiro, a danna ƙasa da yatsu, a ba da ruwa nan take. Ƙasar fadama laka ce mai riƙe ruwa, saboda haka kada a bar fangali ya kwana cike. Ɗanyen kashin shanu kuwa ƙona saiwa yake yi, sai wanda ya ruɓe. A kuma guji inda aka noma tumatir, tattasai ko gauta bara, don cutarsu ɗaya ce.

Abin da ya fi duka muhimmanci, a ganina, shi ne lokaci. Kakanninmu janyewar ambaliya suke dubawa. Amma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan kogi bai cika bin tsohuwar ƙa'idarsa ba. Gara mu bi wata. Wanda ya yi dashe a Oktoba ko Nuwamba, tumatirinsa zai yi fure cikin sanyin hunturu, ya ƙulla 'ya'ya da yawa. Wanda ya makara har Fabrairu, furensa zai gamu da zafin bazara, ya kakkaɓe tun bai ƙulla ba, iri da taki da man injin ban-ruwa duk sun tafi a banza.