Yadda sabon ma'aunin aiki ya zabtare albashin masu raba wasiƙu a karkarar Amurka

A ranar 6 ga Mayun 2023, masu raba wasiƙu a yankunan karkara na Amurka suka wayi gari da sabon lissafin albashi. Hanyoyin da suke bi kullum suna nan yadda suke, akwatunan wasiƙa na bakin titi ba su gusa ba, amma kimanin kashi biyu cikin uku na ma'aikatan sun tarar an rage yawan awannin da ake biyan su a mako. Wasu sun yi asarar dubban daloli a shekara, wasu kuma har da ranar hutunsu. Abin da ya jawo haka shi ne wani tsarin awon aiki mai suna RRECS, wanda aka shafe fiye da shekara goma ana haɗa shi. Kaso mai yawa na fushin da ya biyo baya bai tsaya kan hukumar gidan waya ta ƙasar, wato USPS, ba. Ya sauka ne a kan ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan kanta, NRLCA, wadda da hannunta aka gina tsarin.

Ba za a gane wannan rikici ba sai an san cewa gidan waya na Amurka yana biyan masu raba wasiƙunsa ta hanya biyu. Na cikin birni ana biyan sa ne da agogo: awannin da ya yi, su za a lissafa masa. Na karkara kuwa aikinsa ya fi kama da jinga a gona. Ana ƙiyasta cewa hanya kaza za ta ci awa 44 a mako, sai a yanka wa mai ita albashin shekara a kan haka. In ya gama da wuri ya tafi gida da cikakken haƙƙinsa; in aikin ya kai shi dare, galibi babu ƙari, sai fa idan ya haura awa 12 a yini ko 56 a mako.

Wannan tsari yana da asali. An fara kai wasiƙa ƙofar manoma kyauta a 1896, da wasu 'yan hanyoyi na gwaji a jihar West Virginia, aka tabbatar da shi a 1902, ƙungiyar ma'aikatan kuma ta kafu a 1903. Shugaban gidan waya na ƙaramin gari ba shi da idon da zai bi mutumin da ya fita da keken doki zuwa gonakin da ke da nisan mil masu yawa, saboda haka aka riƙa biyan sa gwargwadon tsawon hanyarsa. Daga baya aka shigar da yawan akwatuna da yawan wasiƙu cikin lissafin. Ma'aikata da dama sun so abin, domin yana saka wa mai zafin nama, kuma babu mai tsaya musu a ka. A yau akwai irin waɗannan hanyoyi wajen 80,000, ƙungiyar kuma tana wakiltar ma'aikata kimanin 130,000 in an haɗa da masu riƙon ƙwarya. Sunan karkara ma yana yaudara, don da yawa daga cikin hanyoyin unguwannin bayan gari ne da birane suka cim musu, suka cika da gidaje.

Sai dai jinga ba ta yin daɗi sai an yarda da wanda ya auna gonar. A tsohon tsari, ana ware makonni biyu zuwa huɗu a yi ƙidaya da hannu: wasiƙa nawa, mujalla nawa, ƙunshin kaya nawa, kowane da daƙiƙun da aka yanka masa. Abin da aka samu a waɗannan makonni shi ke zama albashi har zuwa ƙidaya ta gaba. Kowane ɓangare yana da ƙorafinsa. Ma'aikata suna zargin cewa wasiƙu kan yi ƙaranci ta hanya mai ban mamaki a daidai makonnin ƙidaya. Hukuma kuma tana cewa tana biyan awannin da ba a yi ba, tun da injuna sun karɓe yawancin aikin jera wasiƙu amma ma'aunin bai bi zamani ba.

A 2012, da tattaunawar sabunta yarjejeniya ta cije, maganar ta je gaban mai raba gardama Jack Clarke. Hukuncinsa ya umarci a sake gina ma'aunin daga tushe, a hannun kwamitin injiniyoyi uku: ɗaya na hukuma, ɗaya na ƙungiya, da shugaba ɗan ba-ruwanmu. A takarda abin ya yi kyau. Maimakon ƙidayar 'yan makonni, za a tattara bayanan mako 52 daga injunan tace wasiƙu da na'urar hannu da kowane ma'aikaci ke ɗauke da ita, wadda ke karanta lambar kaya tana kuma nuna inda yake. Kowane motsi an ba shi lokacinsa: loda mota, tuƙi tsakanin akwati da akwati, sauka a kai kaya bakin ƙofa, karɓar sa hannu. Abin da inji ba ya iya ƙirgawa sai a cike shi da ƙaramar ƙidaya ta mako biyu. Daga nan a sake auna kowace hanya sau biyu a shekara.

A nan ne nauyin ya koma wuyan ma'aikaci. Akwai ayyuka da dama da tsarin ba zai san an yi su ba sai mai yin su ya danna maɓallin da ya dace a lokacin da ya dace: fara lodi, gama lodi, fita, dawowa, ƙarin tafiya zuwa ƙofa da kayan da hannu ɗaya bai ɗauka ba. Haka kuma shi ne zai zauna gaban kwamfuta ya sa wa taswira alamar inda kowane akwati yake, inda yake ajiye mota, da inda ƙofar gidan take. Wanda ya manta ya danna, ko mai riƙon ƙwaryar da ya karɓe shi ranar hutu bai san ana dannawa ba, aikin ya tafi a banza a idon lissafi. Ma'aikata da yawa sun ce an fara tattara bayanan da aka yi musu hukunci da su tun kafin a koya musu aikin yadda ya kamata.

Akwai kuma gaskiyar da ba ta da daɗin ji. Ƙidayar ƙasa ta ƙarshe a tsohon tsari an yi ta ne a 2018, kuma wasiƙa tana ta ja da baya. Wasiƙu masu daraja ta ɗaya sun kai kusan biliyan 103 a 2001. Zuwa 2023 sun sauko kusan biliyan 46. Ko wane ma'auni aka kawo, wasu hanyoyi za su ragu. Wannan ita ce hujjar hukuma a ƙarƙashin shugabanta na lokacin, Louis DeJoy: cewa sabon lissafi ya nuna aikin da ake yi ne a zahiri. Amsar ma'aikata ita ce, wasiƙa ta ragu amma kaya sun ƙaru, musamman tun da sayayya ta intanet ta bunƙasa, kuma buhun abincin kare da za a ɗauka a hau da shi tudu zuwa ƙofa ba ɗaya yake da ambulan da ake jefawa ta tagar mota ba. Dukkan maganganun biyu suna da ƙamshin gaskiya. Matsalar ita ce ma'aikaci ba shi da hanyar tantancewa. A da yana iya tsayawa ya ƙirga wasiƙunsa tare da manaja, su yi gardama a kan tire guda. Yanzu takarda ce ke zuwa da lambobi, kuma gano inda awa uku suka ɓace a cikin bayanan shekara guda ya fi ƙarfin mutumin da ya yini yana tuƙi.

Ragin awa ba a aljihu kaɗai yake tsayawa ba. Hanyoyin suna da aji uku. Mai ajin K yana aiki kwana biyar a mako. Mai ajin J yana samun ƙarin ranar hutu sau ɗaya a mako biyu. Mai ajin H kuwa kwana shida yake yi, Lahadi kaɗai ke gare shi. Idan awannin hanya suka faɗi ƙasa da iyaka, sai ta sauka aji. Ke nan mutum yana iya samun kansa da ƙaramin albashi da kuma ƙarin ranar aiki lokaci guda. Tun da kuɗin fansho na ma'aikatan tarayya ana lissafa shi ne bisa shekaru uku mafi tsoka na albashi, wanda ke gab da ritaya yana kallon lambar da wani ido daban. Da yawansu kuma da motocinsu suke aikin, ana ba su alawus na mil.

An ɗage ranar fara aiki da tsarin fiye da sau ɗaya, kuma wasu sanatoci, ciki har da Ron Wyden da Bernie Sanders da Elizabeth Warren, sun rubuta wa DeJoy suna neman a dakata. Hakan bai hana komai ba.

Matsayin ƙungiyar ya zama tsaka mai wuya. Injiniyanta yana cikin kwamitin, jami'anta sun zaga suna koyar da tsarin, saboda haka ba ta da bakin cewa baƙon abu ne aka ɗora mata. Ta kai ƙorafi a matakin ƙasa kan yadda hukuma ta ƙi buɗe bayanan da aka yi lissafi da su, aka kuma samar da hanyar da ma'aikaci zai ƙalubalanci sakamakon hanyarsa. Amma makaminta kaɗan ne. Tun bayan yajin aikin Maris na 1970, wanda ya sa Shugaba Richard Nixon ya tura sojoji su raba wasiƙu a New York, dokar da ta sake fasalin gidan waya ta ba ma'aikata 'yancin ciniki kan albashi amma ta bar haramcin yajin aiki. In an kasa daidaitawa, mai raba gardama ne ke yanke hukunci, kuma hukuncinsa ya zauna. Ƙungiyar da ba ta iya ajiye aiki, kuma ta sa hannu a ma'aunin, abin da ya rage mata shi ne ta ce wa mambobinta su kula da danna maɓalli. Ga wanda ya rasa kashi ɗaya cikin goma na albashinsa, wannan nasiha ta yi kama da muryar manaja.

Daga nan wasu ma'aikata suka fara tattara sa hannu ta intanet don a tsige NRLCA daga wakilcinsu, suna fatan wata ƙungiya mafi ƙarfi ta karɓe su. Dokar ƙwadago ta Amurka tana buƙatar sa hannun kashi 30 cikin ɗari na ma'aikatan kafin hukumar hulɗar ƙwadago ta ƙasa ta shirya ƙuri'a. Tara wannan adadi daga mutanen da ke warwatse a dubban ƙananan ofisoshi, kowa shi kaɗai a motarsa yini guda, aiki ne ja wur. Kaɗaicin da ya sa aka ƙirƙiro biyan jinga tun farko shi ne ya hana su haɗa kai cikin sauƙi. Ƙungiyar ta tsira da kujerarta, ta kuma samu sabon shugaba, Don Maston, a babban taronta na Agustan 2023.

A zagayen awon da suka biyo baya, hanyoyi da dama sun farfaɗo, yayin da ma'aikata suka ƙware da na'urar suka kuma gyara taswirorinsu. Hukuma na iya ɗaukar wannan a matsayin shaidar cewa tsarin yana aiki. Ana kuma iya karanta shi ta ɗaya fuskar: idan awanni sun dawo don an koyi danna maɓalli, to wani ɓangare na ragin farko kuskuren rubutu ne, kuma ma'aikaci ne ya biya kuɗinsa. Ƙwarewa da na'urar dai ba ta sauya jadawalin awo ba. Duk wata shida sabuwar takarda tana zuwa, kuma mai hanya bai san ko Asabar ɗinsa tana nan ba sai ya buɗe ta.