Ƙoda da Azumi: Ni'imar Fitar da Cuta daga Jiki

 Ƴan uwa Musulmi, darasinmu na yau a kan ƙoda ne. Ni almajiri ne, ban yi karatun likita ba. Abin da ya shafi aikin jiki na karɓo shi daga likitoci, abin da ya shafi hukunci kuwa daga littattafan malamanmu.

Malaman tarihi sun ruwaito cewa Ibnus Sammak ya shiga wurin Halifa Haruna Rashid, ya tarar an kawo masa ruwan sha. Sai ya tambaye shi, da za a hana shi wannan ruwa, da me zai saye shi? Ya ce da rabin mulkinsa. Bayan ya sha, ya sake tambayarsa, da ruwan zai ƙi fita daga jikinsa, da me zai fanshi fitarsa? Ya ce da mulkinsa duka. Wannan fita da sarkin Bagadaza ya yarda ya ba da mulki dominta, ita ce muke samu kyauta sau da yawa a kowace rana, kuma ƙoda ce sababinta.

Duk wanda ya taɓa feɗe ragon layya ya ga ƙoda. Ta mutum ma guda biyu ce, a bayan ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, dama da hagu. Siffarta siffar wake, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita. A cikin kowace ɗaya akwai ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya, waɗanda ido ba ya iya gani. Jini yana ratsa su dare da rana, suna tace ruwa daga cikinsa kimanin lita 180 a yini da kwana. Mu mutanen Damagaram mun san darajar ruwa, mun san layin famfo da wahalar mai ga-ruwa. To, lita 180 daidai yake da bido tara masu cin lita 20. Da duk wannan ruwa zai fita, mutum ba zai kai azahar ba. Amma ƙoda tana mayar da kusan dukkansa cikin jini, tare da sukari da gishirin da jiki ke buƙata, ta bar lita ɗaya zuwa biyu ɗauke da datti. Shi ne fitsari. Yana gangarowa ta bututu biyu zuwa mafitsara, ta riƙe shi har mutum ya sami wurin kama ruwa. Bayan tace jini, ƙoda tana daidaita hawan jini, tana kuma aika saƙo ga ɓargon ƙashi ya ƙera sabon jini. Shi ya sa mai ciwon ƙoda yakan yi fama da ƙarancin jini.

Idan mutum ya ɗauki azumi, ƙwaƙwalwa tana umartar ƙoda ta yi tattalin ruwa. Dalili ke nan da la'asar za ka ga fitsarin mai azumi kaɗan ne, kuma ya yi duhu. Ga mai lafiya wannan ba ya cutarwa, muddin ya mayar da ruwan da daddare. Amma idan azumi ya faɗo a bazara, zafin Afrilu da Mayu ya haura digiri 40, ɗan kabu-kabu da magini da ɗan dako a kasuwar Dole suna zubar da gumi mai yawa. Idan suka sha ruwa kaɗan, suka cika ciki da shayi da lemo mai zaƙi, fitsari zai yi kauri, daga nan tsakuwa ke ƙulluwa a ƙoda. Don haka a rarraba shan ruwa tun daga buɗa baki har zuwa sahur, a rage gishiri da dunƙulen miya, a jinkirta sahur kamar yadda sunna ta koyar.

Manyan abubuwan da ke kashe ƙoda biyu ne: ciwon sukari da hawan jini. Sai magungunan ciwon jiki na masu talla a faranti, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba. Sai tsargiya, wadda yara ke ɗauka wajen wanka a tafki. Fitsarin jini ga yaro cuta ce mai magani, kada a ce alamar balaga ce. Ita ƙoda ba ta saurin kuka, takan lalace sosai kafin mutum ya ji komai. Wanda ya ga kumburin ƙafa ko fuska, ko kumfa a fitsari, ya je a auna masa jini da fitsari. Wanda ƙodarsa ta mutu, sai wankin jini da inji, sau biyu ko uku a mako, kowane zama kimanin awa huɗu. Ana yin sa a babban asibitin Zinder, mutane na tahowa daga garuruwa masu nisa dominsa.

Saura hukunci. A Suratul Baƙara Allah ya yi wa mara lafiya rangwame ya sha azumi ya rama. Malamanmu na Malikiyya sun ce wanda ya ji tsoron ƙaruwar ciwo ko jinkirin warkewa, ya halatta ya sha. Wanda ya ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani, wajibi ne ya sha. Wanda ba zai taɓa iya ramawa ba, an so ya ciyar da mudun Nabi ɗaya a madadin kowace rana. To, dattijo mai ciwon ƙoda da amintaccen likita ya hana shi azumi, kada kunyar jikoki ta sa ya ɗauka. Karɓar rangwamen Allah ɗa'a ce ga Allah. Haka nan kada mutum ya tsaya tarawihi fitsari na matsa masa, an hana yin salla a wannan hali.

Idan kun fito daga kewaye, ku tuna addu'ar da aka koya muku tun kuna allo, ku gode wa wanda ya fitar muku da cuta ya bar muku lafiya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya karɓi azuminmu.