Shin Ko Kun San? Kapil Dev, Mutumin da Ya Tauna Taura Biyu

Shin ko kun san yawancinmu a Mirriya a fim ɗin Indiya muka fara ganin wasan kurket? Faransa ce ta mulke mu, ita kuwa ba ta taho da shi ba. Ingila ce ta yi ta yawo da shi, ta ajiye a Indiya da Pakistan da Afirka ta Kudu da tsibiran Karebiyan, har da maƙwabciyarmu Najeriya. Na tuna daren da muka kalli Lagaan na Aamir Khan a gidan kallo, fim ɗin 2001 da ƙauyawa suka kara da Turawa a kan haraji. Muna ta tafi alhali ba wanda ya san yadda ake lissafin makin, sai dai in mun ga fuskar Bature ta ɓaci mu san namu sun ci.

Ga wasan a taƙaice. Ɗaya yana jifa da ƙwallo yana son ya kayar da sanduna uku, ɗaya yana tsaye gabansu da faffaɗan katako yana karewa, yana dukan ƙwallon don ya tara maki. Kusan kowa da sana'arsa guda, ko jifa ko duka. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, amma akan sami ɗaiɗaikun da suka iya duka biyun, kuma a Indiya ba a yi kamar Kapil Dev ba.

An haife shi a Chandigarh ran 6 ga Janairun 1959, mahaifinsa ɗan kasuwar katako. Ya fara buga wa ƙasarsa babban wasa, irin na kwana biyar, a 1978 a Faisalabad ta Pakistan. Kafin ya ajiye a 1994 ya yi irin wannan wasa 131, ya fitar da mutum 434 da jifa, ya tara maki 5,248 da duka. Har yau babu wani da ya haɗa fitarwa 400 da maki 5,000 in ba shi ba.

Shin ko kun san wasansa mafi girma ba wanda ya ɗauke shi a talbijin? Ran 18 ga Yunin 1983 ne, a Tunbridge Wells ta Ingila, gasar cin kofin duniya, Indiya da Zimbabuwe. Kafin 'yan kallo su gama zama an fitar da 'yan Indiya biyar da maki 17 kacal. Kapil ne kyaftin, yana ɗan shekara 24. Ya fara a hankali kamar mai taka ƙaya, da ya ga ƙafarsa ta zauna sai ya saki hannu: maki 175 daga jifa 138, kuma har aka tashi ba a fitar da shi ba. Sau 6 yana aika ƙwallo waje ta sama. Syed Kirmani da ya tsaya masa a ɗaya gefen 24 kawai ya ci, amma tare suka ƙara 126. Indiya ta kai 266, ta yi nasara da ratar 31. Wanda bai je filin ba sai dai ya ji a bakin wanda ya je, kamar labarin kokawar da aka yi kafin zuwan wayar hannu. Sai a 2021 aka sake shirya ranar a fim ɗin 83, Ranveer Singh ya fito a matsayin Kapil, Deepika Padukone ta fito matarsa.

Kafin 1983 kuwa, wasa ɗaya tak Indiya ta taɓa ci a kofin duniya, shi ma a kan ƙungiyar Gabashin Afirka a 1975.

Mako guda bayan Zimbabuwe, ran 25 ga Yuni, aka yi wasan ƙarshe a filin Lord's na Landan da ƙungiyar West Indies, wadda ta ɗauki kofin a 1975 da 1979. Indiya ta tara 183, abin da kowa ya raina. Viv Richards ya shigo yana ragargaza, ya kai 33, sai ya ɗaga ƙwallo sama. Kapil ya juya ya bi ta da gudu yana kallonta ta kan kafaɗa, ya cafke. Daga nan gidan ya rushe, aka kwashe su a 140. Da 'yan Indiya suka koma gida da kofin, hukumar wasan ba ta da abin kirkin da za ta ba su, sai Lata Mangeshkar, muryar da iyayenmu mata suka sani a kaset, ta yi waƙa a Delhi aka tara kuɗi, kowane ɗan wasa ya sami rupi 100,000.

Ni dai abin da ya fi burge ni ba ya shiga fim. Mai jifa da gudu ne a ƙasar da filayenta suka fi karɓar masu murza ƙwallo a hankali, a cikin zafin da ɗan Damagaram zai gane. Shekara 16 yana wannan aikin, rauni bai taɓa hana shi wasan kwana biyar ko ɗaya ba. Guda ɗayan da ya rasa, a Kalkata a ƙarshen 1984, masu zaɓe ne suka ajiye shi.

Sai kuma wasan 1990 da Ingila, a Lord's ɗin dai. Indiya na neman maki 24 don kada a tilasta mata sake shiga duka nan take, saura mutum ɗaya tare da shi, Narendra Hirwani, wanda duka ba fanninsa ba ne. Kapil bai jira ba: Eddie Hemmings ya jefa sau huɗu a jere, sau huɗu ƙwallo ta tashi waje, shida-shida, 24 cif. Jifa na gaba aka fitar da Hirwani. Duk da haka Ingila ce ta ci wasan.

A Fabrairun 1994 a Ahmedabad ya wuce 431 ɗin Richard Hadlee na New Zealand, ya zama wanda ya fi kowa fitarwa a duniya. Ya riƙe kambun shekara shida, har Courtney Walsh ɗan Jamaika ya karɓe a 2000.