Rubutun da Inuwa ke Karantawa

Rubutun da muka saba da shi, na allo ko na takarda, tawada ce a kan farin fili. Na mutanen Iraƙi da Farisa na dā ba haka yake ba. Marubuci yakan danna bakin tsinken kara a jikin ɗanyen yumɓu, ya bar 'yan ramuka masu kama da kan ƙusa. Ba baƙi, ba ja. Inuwar da ta faɗa cikin ramin ita ce harafin. Shi ya sa masani yake jujjuya allon a gaban fitila, kuma shi ya sa hoto guda bai taɓa wadatarwa ba: abin da haske ya fito da shi ta hagu, ya ɓoye shi ta dama.

A shekarar 1933 masu tonon tarihi na Jami'ar Chicago suka gano dubban irin waɗannan alluna a kufan Fasafolis, a ƙasar Iran. Na zamanin Sarki Dariyus na Ɗaya ne, kimanin shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa, akasarinsu da harshen Elam. Ba labarin yaƙi a cikinsu. Lissafin rabon sha'ir ne da tumaki da abin sha ga ma'aikata da matafiya, har da ƙarin da ake ba macen da ta haihu (mai ɗa namiji ta fi mai 'ya mace samu). Iran ta ba da su aro, aka kai Amurka.

Can kuma sai shari'a ta taso. Wasu Amurkawa da harin bom na 1997 a birnin Ƙudus ya rutsa da su suka yi nasara a kan gwamnatin Iran a kotu, suka nemi a ƙwace allunan a biya su diyya. Taskar lissafi kuwa idan aka yi gwanjonta ɗaya-ɗaya, ta mutu, domin ma'anar kowane allo tana jikin ɗan'uwansa.

Wannan fargaba ce ta sa Farfesa Matthew Stolper da abokan aikinsa suka duƙufa ɗaukar hoto. Akan ajiye allo ƙarƙashin wata rumfa mai kama da kifaffen ƙwarya, cike da fitilu. Kyamara tana kafe wuri guda, fitilun suna kamawa bi da bi, kwamfuta ta haɗa hotunan. Mai nazari a ko'ina yana iya karkata hasken a fuskar kwamfutarsa, har tambarin hatimin da ya dusashe ya bayyana.

A 2018 Kotun Ƙolin Amurka ta hana ƙwace allunan, a 2019 kuma aka mayar wa Iran guda 1,783. A ganina nan ne babbar fa'idar aikin take. Gidajen tarihin Turai da Amurka sun daɗe suna cewa idan aka mayar da kaya ga masu shi, bincike zai tsaya. Waɗannan allunan sun koma Tehran, kuma ana ci gaba da karanta su a Chicago.