Me ya sa ake mayar da duk pandar da aka haifa a Faransa ƙasar Sin?

A watan Yulin 2023, an ɗauki Yuan Meng a jirgin sama daga Faransa zuwa birnin Chengdu na ƙasar Sin. Shi ne panda na farko da aka haifa a Faransa, a gidan namun daji na Beauval, ranar 4 ga Agustan 2017, kuma uwargidan shugaban ƙasa Brigitte Macron ce ta halarci bikin raɗa masa suna. Duk da haka bai taɓa zama mallakar Faransa ba.

Dalili kuwa shi ne aro aka ba da iyayensa. A da, Sin kyauta take yi da wannan dabba: ta ba Amurka guda biyu a 1972 bayan ziyarar Richard Nixon, ta ba Faransa biyu a 1973 zamanin Georges Pompidou. Daga 1984 aka koma bayar da aro. Yanzu gidan namun daji kan sa hannu a yarjejeniya ta kimanin shekara goma, ya riƙa biyan kuɗin da kan kai dala miliyan ɗaya a shekara kan mace da namiji, wato sama da sefa miliyan 500. Duk ɗan da suka haifa na Sin ne, kuma akan mayar da shi yana da 'yan shekaru domin ya shiga shirin hayayyafa. A kan wannan sharaɗi ne Huan Huan da Yuan Zi suka iso Beauval a watan Janairun 2012.

Kuɗin aro ba shi ne kaɗai nauyin ba. Panda dangin beyar ce, hanjinta irin na masu cin nama ne, amma kusan duk abincinta gora ne. Da yake cikinta ba ya narkar da goran sosai, sai ta ci kilo 12 zuwa 38 a rana, ta shafe fiye da awa goma tana tauna. Haihuwa ma da wuya: sau ɗaya a shekara mace ke iya ɗaukar ciki, cikin kwana ɗaya zuwa uku kacal. Jaririn kan zo da nauyin da bai wuce giram 100 zuwa 150 ba, idonsa a rufe. Shi ya sa tagwayen da Huan Huan ta haifa a Agustan 2021 suka zama babban labari.

To, ajiye panda a Turai yana ceton ta? Masu goyon baya na cewa kuɗin na tallafa wa bincike da kare dazuzzuka. Masu suka kuwa na nuni da cewa kaɗan ne cikin waɗanda aka haifa a tsare aka taɓa saki a daji, kuma aron kan bi sawun dangantakar siyasa da ciniki.

Ƙidayar da Sin ta fitar a 2015 ta nuna panda 1,864 ke rayuwa a duwatsun Sichuan da Shaanxi da Gansu. A 2016 ƙungiyar IUCN ta sassauta matsayinta daga "mai fuskantar ƙarewa" zuwa "mai rauni". Abin da ya fi taimakawa shi ne hana farauta, taƙaita saran itace da keɓe gandun daji. Makomar panda tana ga dazuzzukan goran nan, waɗanda hanyoyi da gonaki suka rarraba.