Yadda ake auna aikin mai binciken lafiya

Manomi yana ƙirga dammunan geronsa bayan girbi. Mai binciken lafiya ma yana da nasa ƙirge.

Ga misali daga jihar Maraɗi. A shekara ta 2014 aka fara gwajin wani maganin rigakafin zawo a Madarunfa. Sunansa Rotasiil, a Indiya ake yin sa. Ana ɗiga shi a bakin jariri sau 3. Jarirai sama da 4000 suka shiga gwajin. Wata malama, Sheila Isanaka, ta jagoranci aikin tare da likitocin Epicentre. Suka gano cikin yara 3 da ƙwayar rota za ta sa wa zawo mai tsanani, maganin yana kare 2. Yana kuma jure zafi wata da watanni ba firji. Wannan babban abu ne ga ƙauyukan Mayahi da Tasawa, inda lantarki bai kai ko'ina ba.

A 2017 suka buga sakamakon a wata babbar jaridar likitoci ta Amurka. Daga nan ƙirge ya fara. Duk malamin da ya dogara da takardar cikin nasa bincike, dole ya ambace ta. Yanzu kwamfuta ce ke ƙirga ambaton ta intanet, a shafi irin Google Scholar. Jami'o'i suna duba yawansa kafin su ƙara wa malami girma.

Amma ƙirgen yana da rauni. Wani yakan ambaci takarda don ya ƙaryata ta, kwamfuta kuwa duka ɗaya take ƙirgawa.

A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da Rotasiil.